Farin Guntu a Randar Kiryawa

Ku gyara zama, ga wata na tono muku daga ƙarƙashin ƙasa, ko kakkaɓe ta ban yi ba.

A bayan wani tsauni akwai tsohon mazauni da ake kira Kufan Kiryawa. Gari ne da ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba abin da ya rage a sarari sai tudu-tudu da 'yan itatuwan kirya. Wata shekara da rani masu binciken kayan tarihi suka zo suka kafa rumfuna, suka ja igiyoyi, suka yanka ƙasar gida-gida kamar fangalin albasa. Shugabansu shi ne Dakta Nomau, mai tabarau da farar hula da yawan bayani. Tare da shi akwai yayarsa Hurera. Ita ba ta da takardar makaranta ko ɗaya, amma wajen haɗa fasasshiyar tukunya ba a taɓa ganin irinta ba. A zuba mata tsingaro a tire, ta shafa bakin wannan da yatsa, ta shafa bakin wancan, ta ce, "Wannan maƙwabcin wancan ne." A gwada, sai ka ji ƙas, sun zauna.

To, abin da suka tarar a kufan nan sabon abu ne. Duk gidan da suka tona, a ƙarƙashin dokin ƙofa sai su sami guntun randa guda, an kwantar da shi a kife, an danne da dutse. Gida arba'in, guntu arba'in. Hurera ta wanke su, ta rubuta wa kowanne lamba a baya da tawada, ta jera a tabarma. Kwana uku tana shafa bakunansu kafin ta kira ƙaninta.

"Nomau, randa ɗaya ce."

"Haba Yaya, gida arba'in fa."

"Ko dubu ne. Mace ɗaya ta gina ta. Ga shatin babban yatsanta nan, ga shi nan, ga shi can."

Nomau ya kusa taka rawa. Nan take ya ɗauki waya, ya gayyato manya daga birni su zo ranar Alhamis ta mako na uku su ga randar da ya gano. Hurera ta ji wannan "na gano" ɗin, ta sunkuyar da kai, ta jawo kwalbar gam.

Ta yi ta liƙi har randa ta tashi tsaye, ƙatuwa, ta kai mata ƙirji. Sai dai kusa da baki an bar giɓi kamar tafin hannu. Aka tankaɗe ƙasar kufan da rariya, ba a ga guntun ba.

"Cike shi kawai, Yaya," in ji Nomau. "Ba zan nuna wa baƙi randa mai wawulo ba."

A aikinsu haka ake yi, in an rasa guntu sai a cike gurbinsa da farin filasta, don kowa ya gane sabon hannu ne. Hurera ta kwaɓa, ta zauna tana murzawa, bakinta yana motsi, ba wanda ya ji abin da take faɗa. Ranar Laraba, rana tana tsaka, ta danna farin guntun a gurbinsa.

Randa ta ja numfashi. Wata hayaniya ta taso daga cikinta kamar kasuwa ta rikice da dambe. Ma'aikatan da suka ci abinci a kwano ɗaya da safe suka juyo suna harare-harare, kowa ya damƙi abin da ke hannunsa. Barau, shugaban masu haƙa, mutumin da ko akuya bai taɓa daka wa tsawa ba, ya ɗaga diga sama da hannu biyu. A gabansa Nomau yana tsugune yana auna rami, ya ba shi baya. Hurera ta buɗe baki za ta kira shi, randar ta zuƙe ta ciki kamar yadda ake zuƙe kunu.

Ta faɗo a kan wata hanya da aka daɓe da tsingaro, kowanne a tsaye, kaifinsa a sama. Ta ɗaga kai. Sararin samaniyar ƙasar nan zagaye yake kamar bakin randa, kuma a cikinsa ga digar Barau, baƙa, ta tokare gabas da yamma, ga hular Nomau a ƙarƙashinta kamar farin tsauni. Daga nesa aka buga masaba a kan ƙarfe. Digar ta sauko da faɗin yatsa ɗaya. Aka sake bugawa, ta sake saukowa.

Hurera ta tattare zani ta kama tafiya. Kafin ta yi taku ɗari takalmanta sun yayyage.

A ƙofar gari ta iske wani tsoho kwance ya gitta hanya, siriri, shafaffe kamar katako. Ya miƙe a hankali ya juya mata baya. Ga lamba goma sha bakwai a gadon bayansa da baƙar tawada, rubutun hannunta, irin wadda take sa wa kayan da aka tono.

"Ke ce mai tawada?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Ni ne Dokin Ƙofa. Ba a taka ni, ba a tsallake ni. Gida arba'in kuka shiga ta rufi da shebur, 'yar Adam, ko sau ɗaya ban ji sallama ba. Yi ta yanzu, gida-gida, ki kira kowanne da abin da aka san shi."

"Salamu alaikum, gida na ɗaya."

"Ba mu da gida na ɗaya. Lambarki ki riƙe abarki."

Masaba ta sake bugawa. Hurera ta rufe ido, ta tuno ramukan da ta yi wata biyu tana tsugune a cikinsu.

"Sallama ga gidan da dutsen niƙansu ya lotse ta gefen hagu, don mai niƙan bahaguwa ce. Sallama ga gidan da suka yi murhu biyu a ɗaki ɗaya. Sallama ga gidan da aka ɓoye 'yar tsanar yumɓu a bayan rumbu aka manta da ita."

Haka ta bi su har arba'in, muryarta ta dushe. Tsohon ya dube ta ya ce:

"Kin leƙa abin da ba a nuna miki ba, amma dai kin gani da kyau. Wuce. Ban ce na yafe ba."

Ya mirgina gefe, ta shige unguwar magina tukwane. Mata ne na ɗanyen yumɓu, dogaye, jikinsu duk tsagewa, in sun motsa ɓawo yana zuba. Suna zaune suna dunƙula yumɓu, suna cusa ƙaya a ciki, suna tarawa don jifa. Babbarsu, Inna Yumɓu, faɗinta ya kai rumbu.

"Ku kawo ta nan," in ji ta, "amma kada guminta ya ɗiga a kanku."

Hurera ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, uwar magina, da laifina na zo, ban zo musu ba."

"Kin san girmansa? Mu da maƙera gari ɗaya muka zauna, kurmin kirya ɗaya muke sara, su don gawayi, mu don tuyar tukwane. Itace ya yi ƙaranci. Aka fara da zagi, aka koma ƙone-ƙone, aka koma binne mutane. Da muka gaji da haƙa kabari, ni da hannuna na gina randa. Kwana bakwai kowa yana zuwa yana tura kai ciki, yana amayar da abin da ke ransa. Sannan muka fasa ta, kowane gida ya binne guntu ɗaya, don kada wani ya sake jin maganar a haɗe. Guntun da zagin farko ya manne a jikinsa kuwa, muka niƙe shi, muka watsa a kogi. Shekara ɗari tara muna kwance lafiya. Sai ga ki da gam."

"Ban sani ba, Inna. Na ɗauka ɓacewa suka yi."

"Kin ga an raba abu gida arba'in, kowanne an ɗora masa dutse, kika ce ɓacewa ya yi? A garinku haka ake ɓatar da kaya?"

Matan suka yi dariya, wata busasshiya kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

"Ku bar ni in fasa ta," in ji Hurera. "Ƙanina ne a ƙarƙashin digar can."

"Ki yi mata sabon tsagi, ki haifo sabuwar gaba? Inda ta rabu da farko, nan za ta sake rabuwa, ko kuwa ta zauna haka."

"To akwai hanya. Dokar aikinmu ce, ba ma liƙa abu da abin da ba ya kwancewa. Gam ɗina in ya ji ɗumi sakin jiki yake."

Inna Yumɓu ta yi tsaki, ɓawo ya zubo daga kumatunta. "Wutarmu ta tuya ce, ba ta san sassauci ba, tarwatsa ta za ta yi. Wutar da ake ja wa linzami tana hannun 'yan gawayin can na ƙetare, kuma ba bakina ne zai roƙe su ba. Ku ba ta jirgi."

Jirgin da suka ba ta don mugunta ɗanyen kasko ne, ko bushewa bai gama yi ba. Kogin kuwa ba ruwa a cikinsa, toka ce mai zafi take malala, tana tafasa tana huci. Suka ɗora ta suka tunkuɗa. Nan da nan kaskon ya soma toyuwa a ƙarƙashinta. Hurera ta san in gefe ɗaya ya riga ɗaya gasuwa tsagewa zai yi, don haka ta riƙa karkata jiki tana juya shi, tana juya shi, tafin ƙafarta yana tashi da bororo. Hannuwa suka riƙa fitowa daga tokar suna kama bakin kaskon, na waɗanda aka binne a wancan yaƙi. Ba ta buge ko ɗaya ba, ɓamɓare yatsunsu take ɗaya-ɗaya tana ba su haƙuri. Da ta kai gaci kaskon ya yi ja wur, ta fita ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

Maƙeran ƙasar nan jikinsu kashin tama ne, irin baƙin dunƙulen da ke saura in an narka ƙarfe, idanunsu garwashi. Suna ta wasa masu. A tsakiyarsu Sarkin Zuga yana tsaye gaban uwar maƙera, masabarsa ta kai turmi. Ya buga, Hurera ta dubi sama, saura kamu ɗaya tsakanin diga da hula.

"Allah ya ja zamanin sarkin wuta, ka dakata mini da bugu ɗaya, wuta na zo roƙo."

"Ƙarfena ya yi ja. Ba zan bari ya huce don ƙanin wata ba." Ya buga. "Daga wurin matan taɓo kike, ina jin warinsu. To amsa mini. Wa ya fara? In kin ce magina ne, na ba ki wuta. In kin ce mu ne, na zuga ki a murhu."

Ƙarya tana nan kusa, a kan harshenta ma take. Amma ta tuna mashin da ake wasawa, ta tuna dunƙulen ƙaya.

"Ranka ya daɗe, na tona unguwarku, na tona tasu. Tokar gobara kauri ɗaya ce a nan da can, kuma a shimfiɗa ɗaya take kwance, ba wadda ta hau kan wata. Ƙasa ba ta nuna wanda ya fara ba. Abin da ban gani ba kuwa ba zan faɗa ba."

Idanunsa suka yi fari don zafi. "To muryar wa muke ji tun tsakar rana tana ingiza mu? In ba ta magina ba ce, ta wa ce? Ku jawo ta dandali, kunnenta ya ji."

Suka kama ta da awartaki ta gefen riga, suka ja. A dandalin garin ga randar nan tsaye, ta yi tsawon dutse. Maƙera suka ja daga ta dama, magina suka ƙetaro suka ja ta hagu. Tsofaffin guntaye arba'in gunaguni kawai suke, ba a rarrabe abin da suke cewa. Farin guntun nan ne kaɗai ke magana tar, su kuma suna amsa masa. Hurera ta kasa kunne. Muryarta ce.

"Ni na goya ka," in ji farin guntu. "Ni na bar makaranta na zauna gaban murhu don ka yi karatu. Shekara talatin hannuna yana aiki, sunanka yana fita. Da ma ranar da ka faɗa rijiya ban zura maka guga ba."

Abin da Hurera take faɗa ke nan a ƙasan maƙoshi sa'ad da take murza filasta.

"Ashe," in ji Inna Yumɓu. "Randa ta nemi zagin farko ta rasa, sai baƙuwa ta kawo nata daga gida."

"Muna shirin kashe juna a kan rijiyar da ba mu taɓa shan ruwanta ba," in ji Sarkin Zuga. Ya tofar da tartsatsi. "Ke da kike kuka da ƙaninki, ke kika ɗaga digar."

Hurera ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Na ji. Ku ba ni wuta da hannuwa."

Ba don tausayi suka yarda ba, kunya ce ta kama su, a ce baƙuwa ta juya su kamar waina. Sarkin Zuga ya jingine masaba ya kama zuga-zugi, digar sama ta tsaya cak, saura yatsa ɗaya. Ya riƙa hura ɗumi a jikin randa, Hurera ta hau kafaɗar wani maƙeri tana bin layin gam da farce, magina suna tare guntaye a ƙasa.

"Sassauta, ɗan gawayi, so kake ka gasa ni?"

"Matsa can, uwar taɓo. Da kin gina ta da kyau da ba ta sha wuta haka ba."

"Da ba ta yi kyau ba da ta riƙe ƙazantar bakinka kwana bakwai?"

Suna zagi suna aiki. Duk guntun da ya saki sai ya yi fiffike ya nufi gidansa, ka ji dutse ya koma kansa tim. Gunaguni ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Aka bar Hurera da farin guntu a tafin hannu, yana ta maimaita maganarsa a hankali.

"A niƙa shi mana, kamar wancan," in ji ta.

"Dutsenmu ba ya niƙa na baƙo," in ji Inna Yumɓu. "Ba shi da gida a nan."

Sarkin Zuga ya ɗora hannu a ƙotar masaba. "Maganar da ke ciki tana da mai ita. Ki kai masa, da bakinki, a gaban mutanen da suka ga an liƙa. In kin haɗiye ko kalma ɗaya, zan ƙarasa bugun da na bari."

Suka ɗaga ta su biyu, hannu mai sanyi da hannu mai ƙuna, suka cilla ta sama.

Ta tsinci kanta a rumfarta, ƙafafu duk ƙuna. Inda randa take ba komai sai shatin gindinta a yashi. Ma'aikata suna nan a sandare, idanu da kunnuwa kaɗai ke aiki. Bakin diga yana taɓa zaren hular Nomau.

Ku sani, Hurera mace ce da ba ta taɓa ɗaga wa ƙanin nan murya ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce uwarsa, kullum sai ya ce a gaban mutane ba shi da kamar Yaya. Ta je gabansa ta tsaya, ta dubi idonsa.

"Nomau, ni na goya ka. Ni na bar makaranta na zauna gaban murhu don ka yi karatu. Shekara talatin hannuna yana aiki, sunanka yana fita."

Nan ta tsaya. Daga can ƙarƙashin ƙafarta ta ji ƙarar ƙarfe, ana jan masaba daga jingine.

"Da ma," in ji ta, "ranar da ka faɗa rijiya ban zura maka guga ba."

Farin guntu ya ruguje ya zama gari, ya zube ta tsakanin yatsunta. Diga ta kauce ta cake a ƙasa kusa da gwiwar Nomau. Barau ya zauna daɓas yana duban hannuwansa yana salati. Sauran suka zubar da abin da suka riƙe, kowa ya rasa inda zai sa ido.

Nomau ya miƙe. Ya dubi digar, ya dubi gurbin randa, ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Rijiyar gidan Baffa?"

"Ita."

"Ina shekara biyar."

"Huɗu da rabi."

"Kuma duk tuwon da kika tuƙa mini tun daga ranar, da wannan a cikinki?"

"Ba duka ba," in ji ta. "Amma da shi."

Nomau ya mayar da tabarau. Ya shiga mota ya sallami baƙin Alhamis ta waya. Aka mayar da ƙasa ramuka, aka naɗe igiyoyi. Takardar binciken ta fito daga baya, an yi bayanin gidaje arba'in, ba a ambaci randa ba, sunan Hurera ma ba ya ciki. Ta koma gida tana jinyar ƙafafu. Damina biyu Nomau bai taka ƙofarta ba, ko a taron suna suka haɗu sai ya bi ta wata hanya. In mata sun zo yi mata jaje sai ta ce, "Ku bar shi ya yi fushinsa. Da ƙafarsa yake kauce mini, ni abin da na je nema ke nan."

A shekara ta uku, wata ranar Talata bayan la'asar, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji an yi gyaran murya a zaure. Muryar Nomau ce.

"Yaya, akwai sauran tuwo?"

"Babu," in ji Hurera. Ta ajiye faifai, ta tashi tana ɗingishi, ta ɗora tukunya a wuta.

Nan zan sauke ta, ku tashi ku miƙe ƙafa.